SHARHI: Kafin a sayi na'ura, a tambayi sunan wanda ke kan layin wayar kasuwanci

Garin Tungan Maje, da ke Ƙaramar Hukumar Gwagwalada a kan hanyar da ta tashi daga Zuba, na cikin wuraren da ma'aikatan gwamnatin tarayya ke kai ɗan abin da suka tara, domin fili da haya a tsakiyar Abuja sun fi ƙarfin albashi. A can ake samun gidajen buga bulo, da masana'antun ruwan leda, da makarantu masu zaman kansu, da kantunan magani, da gonakin kaji, waɗanda da dama daga cikinsu da kuɗin adashe ko na sallama daga aiki aka kafa su. Mai jari kan yi lissafin janareta da rijiyar burtsatse da fentin allon talla. Abin da ba a cika zama a kansa ba shi ne lambar wayar da za a rubuta a jikin allon, alhali ita ce ƙofar da ciniki ke shigowa.

Wannan jarida na ganin cewa tambaya ta farko a zaɓen tsarin waya ita ce ta mallaka, kuma ta fi shafar ma'aikacin gwamnati fiye da kowa. Jadawali na Biyar na Tsarin Mulkin 1999 ya hana jami'in gwamnati mai cikakken aiki shiga harkar gudanar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Saboda haka ragamar wurin takan koma hannun ƙane, ko ɗan ɗaki, ko manajan da aka ɗauka. Shi kuwa sai ya zaro layinsa na aljihu a buga a allo da rasit da jikin mota, shekara uku ko huɗu abokan ciniki suna kiran lambar har su haddace ta. Tun da aka soma haɗa layuka da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN a watan Disamban 2020, aka kuma rufe wa'adin ƙarshe a Satumban 2024, layi na wanda sunansa ke cikin rajista ne. Shi kaɗai zai iya zuwa a yi masa walkam-bak idan layin ya ɓace, shi kaɗai zai iya ƙaura da shi zuwa wani kamfani. Ranar da aka ɓata, ko ya sami wani aiki, ko ya buɗe irin wannan sana'a a tsallaken titi, da abokan cinikin zai tafi, kuma babu kotun da za ta ce ya ɗauki abin da ba nasa ba. Idan kuwa rasuwa ce, sai iyali su shiga zaryar takardu yayin da wayar ke ta ƙara babu mai ɗauka.

Wani kan ce to ya sa tasa lambar mana. Nan ma akwai rami. Darakta ko mataimaki na musamman da lambarsa ke jikin allon gidan bulo, wanda ke ɗaga waya a ofis yana faɗin farashin bulo mai inci tara, da hannunsa ya rubuta shaidar cewa shi ke gudanar da kasuwancin, kuma duk mai neman kai shi gaban Hukumar Kula da Ɗa'ar Ma'aikata ba sai ya wahala ba.

Mafita ita ce a yi wa kasuwancin rajista da Hukumar CAC, sannan a sayi layukan da sunansa. Kamfanonin sadarwa na da tsarin rajistar layin kamfani, inda ake neman takardar CAC da lambar haraji da NIN ɗin jami'in da aka wakilta. Akwai ɗan jeka-ka-dawo a ciki, amma bayan an gama, ma'aikaci ya bar aiki ko bai bari ba, lambar tana nan. Haka ma asusun WhatsApp Business, wanda yanzu ya zama kantin da yawancin ƙananan 'yan kasuwa ke baje kaya: duk wanda saƙon lambar tabbatarwa ke shiga wayarsa shi ne mai asusun, da hotunan kaya da sunayen masu saye da tarihin bashin da ke ciki. Ya kamata kuma a tuna cewa layin da aka jefa a durowa aka daina amfani da shi na tsawon watanni, kamfani kan rufe shi ya sake sayar wa wani. Makarantar da ta ajiye layin karɓar ɗalibai sai shekara ta zagayo tana iya wayar gari iyaye na kiran baƙo.

Sai bayan an warware wannan ne maganar na'ura ke da amfani, kuma a nan dillalai kan ruɗi mutane da kayan da suka fi ƙarfin buƙatarsu. Kantin da mutum biyu ke tsaro ba ya buƙatar komai da ya wuce layi biyu daga kamfanoni daban-daban. Wurin da ke da direbobi da masu kai kaya Zuba da Dei-Dei da Gwagwalada, tsarin rukuni da kamfanoni ke kira CUG ya fi dacewa da shi, domin ana biyan kuɗi ƙayyadadde a wata, ma'aikata su yi ta kiran juna ba tare da katin kowa ya ƙare ba. Wannan ya ƙara muhimmanci tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince a watan Janairun 2025 da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, inda saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa naira 6.

Asibiti da makaranta da otal kuwa lamarinsu daban. Suna da ɗakuna, kuma mai kira yana son a haɗa shi da akawu ko ɗakin magani ba tare da an ce ya kashe ya kira wata lamba ba. Akwatin rarraba kira, wanda masu sana'ar ke ce wa PABX, shi ke wannan aiki. Sai dai da lantarki yake rayuwa. Duk wanda ya san yadda wutar AEDC ke zuwa da tafiya a garuruwan gefen Abuja ya san cewa akwatin da babu inbata da batir a bayansa ado ne kawai, kuma asibitin da wayarsa ke mutuwa da an ɗauke wuta da tsakar dare ya jefa rayuka cikin haɗari. Kuɗin batir da na mai gyara suna cikin farashin na'urar, ko da dillali bai faɗa ba.

Sabon yayi shi ne tsarin kira ta intanet, inda babu akwati a ofis, lamba ɗaya ke ƙara a wayoyin ma'aikata da yawa, ana iya naɗar kira, a kuma ga wanda aka kira bai ɗauka ba. Ga mai jarin da ba ya zama a wurin, wannan abin sha'awa ne. Amma ingancinsa bai wuce ingancin intanet ɗin unguwar ba. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku da suka haɗa da MainOne da WACS da ACE da SAT-3 sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni kwanaki a Nijeriya, har bankuna suka ji a jikinsu. Kafin nan, a ranar 4 ga Oktoba, 2021, WhatsApp da Facebook sun ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya. A irin waɗannan ranaku, wanda ya riƙe layin kira na yau da kullum shi ya yi ciniki. Wanda ya zaɓi wannan tsari ya tabbatar kamfanin na da lasisin NCC, ya nemi a rubuta masa ko zai iya tafiya da lambarsa in ya bar su, ya kuma sani cewa naɗar muryar abokin ciniki tattara bayanansa ne, wanda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa sharuɗɗa, ciki har da sanar da mutum.

Game da wane kamfani za a bi, tallan rediyo ba zai amsa ba. Sabis ɗin da ke cika a Maitama yana iya zama sanda ɗaya a bayan kasuwar Tungan Maje, har ma ya bambanta tsakanin ƙofar shago da sito. A ari layuka a gwada a cikin ginin, da safe da kuma bayan magariba lokacin da ma'aikata suka dawo gida layi ya cunkushe. Tun watan Afrilun 2013 doka ta ba da damar sauya kamfani ba tare da rasa lamba ba, dama ce da 'yan kasuwa kaɗan ke amfani da ita. Masu sha'awar lambar tebur kuma su lura cewa daga farkon 2024 lambobin Abuja da ke farawa da 09 sun koma 0209, kuma har yau akwai takardun kamfanoni da ke ɗauke da tsohuwar.

Akwai nauyi a wuyan hukumomi. Ƙasar da ba ta kai layi rabin miliyan ba a hannun NITEL kafin zuwan wayar salula a 2001, yau ta wayi gari kusan duk cinikinta a waya yake, amma rajistar layin kamfani har yanzu an fi tsara ta domin bankuna da manyan masana'antu. Ya kamata NCC ta sa kamfanoni su sauƙaƙa ta ga mai rajistar sunan kasuwanci kawai, a riƙa kammala ta a ofisoshinsu na Gwagwalada da Zuba, a kuma fitar da hanya bayyananniya ta mayar da layin mutum zuwa sunan kamfani idan ɓangarorin biyu sun yarda. Hukumar SMEDAN, da ke horar da masu ƙananan sana'o'i, da ma'aikatun da ke shirya wa masu shirin ritaya bita, su sa wannan batu cikin darussansu. Wanda kamfanin sadarwa ya yi wa wasa da ƙorafinsa kuma yana iya kiran 622, layin kyauta na NCC, da lambar ƙorafin da kamfanin ya ba shi a hannu.