Dogo Ya Tsaya A Ƙaura, Mu Fa?

Jama'a, manoman Tambuwal da Kebbe, yau zancenmu na jirgin ƙasa ne. Kada wani ya ce ina ruwan mai fartanya da reluwe. Da ruwansa ƙwarai.

A 1911 dogo ya iso Kano. Ba a jima ba gyaɗa ta yi daraja, don an sami hanyar kai ta bakin teku. A 1929 reshen da ya fito daga Zariya, ya bi Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda. Can ya tsaya cik. Har yau birnin Sakkwato bai taɓa jin kukan jirgi ba, balle mu.

To, wa ke biyan wannan rashi? Manomi. Shinkafarmu da geronmu da albasarmu sai a mota, kuma duk abin da mai mota ya karɓa, daga kuɗin buhunmu ɗan kasuwa yake cire shi. Jirgi ɗaya kuwa ya kan kwashi kayan motoci masu yawa da araha.

A 2016 an buɗe dogon Abuja zuwa Kaduna. A 2021 an aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi. Madalla, ba ma hassada. Roƙonmu dai a ja dogo daga Gusau zuwa Sakkwato, ya gangaro Tambuwal ya wuce Jega.

Duk mai neman ƙuri'a da ya zo, ku tambaye shi wannan kafin ku karɓi gaisuwarsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.