Ɗan Ƙodago, Ɗan Kwangila, Ko Yaron Gida?

Duk ɗan kasuwar da Allah ya buɗa wa a ƙasar Dutsi, mai sayen gero da wake da riɗi yana kaiwa Daura ko Katsina, akwai ranar da zai ga hannu biyu sun yi masa kaɗan. A nan shawara takan kasu uku: ya ɗauki 'yan ƙodago, ya ba ɗan kwangila, ko kuwa ya ajiye yaransa masu albashi.

Masu son arha sukan ce ƙodago ya fi, domin kaka wata uku ce, albashi kuwa wata goma sha biyu. Suna da hujja, balle tun 2024 da aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata, ko da yake dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Dako da ɗinkin buhu dai aikin ƙodago ne, ba mu musu. Ginin sito kuma a ba ɗan kwangila, amma da takarda da shaidu, a kuma riƙe cikon kuɗinsa sai damina ta gwada rufin.

Inda muka saɓa da su shi ne wajen ma'auni, da littafin kuɗi, da hulɗa da manoma. Waɗannan ba a ba baƙo. Mu tuna yadda cinikin gyaɗa ya gudana bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, sai suka riƙa ba dillalai kuɗi su sayo musu. Alhassan Ɗantata ya fara saye wa Kamfanin Neja a 1918, shi kuwa ya baza yaransa, waɗanda ya san halinsu, cikin karkara. Kamfani ya sami gyaɗa, Ɗantata ya sami mutane, har ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Watau wanda ka wakilta ga manomi, shi manomi zai sani, ba kai ba. Ran da kuka ɓata, da su zai tafi.

Malaman ofis da na makaranta, ku ake kawo wa takardun nan ku rubuta. Kafin ku sa alƙalami, ku tambayi mai dukiya wa zai riƙe makullin sito, wa kuma zai biya in buhu ya yi ƙafa.