DNA Ba Ya Kwafar Kansa

Akwai wata jumla da ta zauna daram a bakin ɗaliban sakandare, wai "DNA yana kwafar kansa." Jumla ce mai daɗin hadda, amma rabin gaskiya ta ɗauko, kuma bai kamata malamai su bar ta haka ba.

Zaren DNA da ke cikin ƙwayar halitta guda ta jikin ɗan Adam ya kai kimanin mita 2, kuma a naɗe yake tamau. Kafin ƙwayar ta rabu biyu, tilas a kwafe shi duka, sau ɗaya tak. To, wa ke ba da izinin farawa? Wannan aikin wasu furotin ne da za a iya kira masu ba da umarni. Sukan zauna a kan zaren su zaɓi umarnin gado da za a karanta da wanda za a rufe. Ayarin da ake kira E2F, alal misali, shi ke sa ƙwaya ta ƙera kayan aikin kwafi. Wasu kuma sukan sassauta naɗin zaren, ta yadda masu kwafi za su sami wurin somawa.

Wannan ba zancen ɗakin bincike kaɗai ba ne. A 1958 likita Denis Burkitt ya bayyana wata sankara da ke kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda, wadda ake samu a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da Nijeriya. Daga baya aka gano cewa umarnin ƙera furotin MYC, ɗaya daga cikin masu ba da umarnin, shi ke ɓallewa daga kuromosom na 8 ya manne a wani, galibi na 14, inda ba a kashe shi. Sai ƙwaya ta yi ta kwafi da rabuwa ba birki, har ƙarin kan ninka cikin kwana ɗaya ko biyu.

Mai yiwuwa a ce manhaja ta cika, kuma sunayen suna da nauyi. Amma ba haddar sunaye ake nema ba. Ya isa malami ya haɗa darasin kwafi da na karanta umarnin gado, ya tambayi aji: wa ke cewa a fara, wa ke cewa a tsaya? Ɗalibin da ya riƙe wannan tambaya ya fahimci yadda rauni ke warkewa, ya kuma fahimci tushen sankara.