Rabon 'Yan Mata a Filin Wasan Makaranta

Duk wanda ya leƙa makaranta da an tashi tara, ya ga samari sun mamaye fili da ƙwallo, alhali 'yan mata suna rakuɓe a gindin darbejiya suna kallo, lalle ya san tarbiyyarmu ta ba wa wasu ta hana wasu. Malaman fiƙihu sun lissafa kiyaye rai da hankali cikin manufofin shari'a, kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha. Iyayenmu mata kuwa gaɗa suka yi a dandali, suna tafi suna faɗawa hannun ƙawaye, ba wanda ya ce sun rasa kunya.

Masu fargabar bayyanar tsiraici suna da hujja, sai dai maganin bai gagara ba: fili mai katanga, da malama mace, da wando da hijabi, wanda hukumomin ƙwallon ƙafa na duniya ma suka halatta tun 2014. Saura hedimasta ya daina mayar da sa'ar wasan 'yan mata lokacin sharar aji.