Waiwaye: Zafin da Ke Bayan Kati

A azumin shekarar 2021, wanda ya faɗo a tsakiyar watan Afrilu, lokacin da bazara ke gasa Kano, na samu aikin tace wani dogon bidiyo da aka ce sai an miƙa shi kafin sallah. Da rana ba a iya zama a ɗakin aikinmu saboda zafi, don haka sai bayan asham muke kunna janareta, ni da yaron da nake koya wa aiki, mu duƙufa har lokacin sahur.

Ƙarfin gwiwata duk yana kan katin hoton da ke cikin kwamfutar, samfurin RTX 3090, wanda ya fito kasuwa a watan Satumba na 2020. Na saye shi da tsada ƙwarai, domin a wancan lokaci masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum sun wawushe irin waɗannan katuna a duniya. Kati ne mai mimori gigabayit 24, mai zuƙar wuta har wat 350. Duk wutar da ya zuƙa kuwa zafi take komawa, kamar ka kulle ƙaramin risho a cikin akwati.

Tun kafin azumi na lura cewa da zarar aiki ya yi nauyi sai fankokin katin su ɗau kuka kamar injin niƙa, aikin kuma ya riƙa jan ƙafa. In na duba ma'aunin zafi sai in ga digiri 70 ko kusa da haka, wanda ba abin tayar da hankali ba ne. Sai na yanke shawarar cewa iska ce ta gaza, maganin abin shi ne ruwa.

Yadda sanyaya kati da ruwa yake, babu bambanci sosai da na mota. Ana cire fankoki da ƙarafan da katin ya zo da su, a ɗaura masa wani faranti na jan ƙarfe mai siraran hanyoyi a ciki. Ƙaramin famfo yana tura ruwa ta tiyo ya ratsa farantin, ya kwashi zafi, ya kai shi lagireto, inda fankoki ke hura shi waje, ruwan ya sake zagayowa. Ruwa ya fi iska iya ɗaukar zafi nesa ba kusa ba: kofi guda na ruwa yana ɗaukar abin da sai iska kofi sama da dubu uku za ta ɗauka.

Na yi odar kayan, na jira makonni, na haɗa da hannuna. Na zuba tataccen ruwa, na bar famfo yana aiki kwana guda kwamfutar tana kashe, da takardar goge hannu a ƙarƙashin kowace mahaɗa don in ga ko akwai yoyo. Ko ɗigo babu. Da na kunna, ma'auni ya sauko ƙasa da digiri 50, ɗaki ya yi tsit. Na yi hamdala, na ce an wuce wurin.

Kwana uku da shiga azumi aiki ya koma jan ƙafa. Wannan karon ma babu kukan fanka da zai gargaɗe ni. Ma'auni yana cewa lafiya lau, aiki yana cewa ba lafiya ba. Na zargi manhajar tace bidiyo, na zargi wutar janareta, na goge abubuwa na sake sakawa. Dare biyu na ɓata a haka.

A dare na uku yaron nan ya miƙa hannu cikin akwatin don gyara wata waya, sai na ga ya fizge hannunsa yana yarfewa.

"Oga, don Allah taɓa bayan katin nan ka ji."

Na ce masa, "Kai dai bari, ga ma'auni nan a gabanka, digiri 48."

Ya ce, "Wallahi Oga, ma'aunin nan ba nan wurin yake aunawa ba."

Na ɗora yatsa a kan murfin ƙarfen da ke bayan katin. Ban iya barinsa ko daƙiƙa biyu ba. Gaba sanyi kamar randa, baya zafi kamar tanda.

A daren na zauna na yi karatun da ya kamata in yi tun kafin in taɓa sukudireba. Lambar da nake kallo duk tsawon watannin nan zafin ƙwaƙwalwar katin ce kawai, wato babban guntun da ke tsakiya. Mimori kuwa ƙananan ƙwayoyi ne baƙaƙe da ke kewaye da shi, kuma suna da nasu zafin daban. Irin wanda ke kan wannan kati ana kiransa GDDR6X, kamfanin Micron na Amurka ne ke ƙera shi, yana da gudun gaske, gudun kuma da zafi yake zuwa. Idan cikinsa ya kai wajen digiri 110, katin da kansa yake rage gudu don ya tsira da ransa. Jan ƙafar da nake gani ke nan.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne tsarin ƙwayoyin. Guda 24 ne, kowace gigabayit ɗaya: 12 a fuskar katin, 12 a bayansa. Farantin ruwana yana taɓa na gaba ne kawai. Na baya ba su da abin dogaro sai murfin ƙarfe, kuma tsakaninsu da murfin dole a saka wata 'yar roba mai laushi da ke miƙa zafi daga ƙwaya zuwa ƙarfe. Ranar da nake haɗawa, robar da ke hannuna ta ƙare a gaba, sai na rufe bayan haka nan, a zatona murfin ado ne. Wato da hannuna na bar ƙwayoyi goma sha biyu suna dahuwa a rufe, bayan na cire fankokin da a da suke ɗan kaɗa musu iska.

Ba wai labarin ɓoyayye ba ne. Tun a Satumba na 2020 wani mai gwajin kayan kwamfuta a Jamus, Igor Wallossek, ya nuna cewa irin wannan mimori yana haura digiri 100 a cikinsa. A watan Janairu na 2021 kuma manhajar HWiNFO ta fara nuna zafin mimorin ga kowa. Ni ne ban nema ba, saboda lambar da nake gani ta yi mini daɗi. Da na saka manhajar na ɗora wa katin aiki, sai ga 110 ɓaro-ɓaro.

Gyaran bai ci kuɗi kamar kayan ruwan ba, haƙuri ya ci. Kaurin robar nan ana auna shi da milimita, ɗaya, ɗaya da rabi, biyu. In ta yi siriri ba za ta taɓa ƙarfe ba. In ta yi kauri, musamman a gaba, sai ta ɗaga farantin daga kan ƙwaƙwalwa, ka gyara ɗaya ka ɓata ɗaya. Na yanka ta daidai kowace ƙwaya, na ɗaura murfi, na sake buɗewa na ga shatin ƙwayoyin ya fito a jikin robar, alamar ta zauna. Na jera ƙananan ƙarafa masu haƙora a kan murfin, na kafa musu fanka guda, na kuma rage wa katin wutar da yake sha kaɗan. Mimori ya sauko wajen digiri 80, muka miƙa aiki ana gobe jajibere.

Na kuma fahimci abin da masu gyaran lagireto suka daɗe da sani: ruwa ɗan dako ne, ba ya kashe zafi, ɗauka yake ya kai wani wuri. Ba irin randa ba ne da ke yin gumi ta sanyaya abin da ke cikinta. Ruwan tiyo ba zai taɓa fin iskar ɗaki sanyi ba. Wanda ke gwajinsa a Turai cikin ɗaki mai digiri 20 da wanda ke Kano cikin ɗaki mai digiri 38 ba za su ga lamba ɗaya ba, ko da kayansu iri ɗaya ne. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe lagireto in ba a kakkaɓewa.

Daga baya masu ƙira sun sauya tsari. RTX 3090 Ti da ya fito a Maris na 2022 ya zo da ƙwayoyi masu gigabayit biyu-biyu, duka 12 a gaba. A ranar 15 ga Satumba na 2022 kuma Ethereum ta daina amfani da haƙar da ake yi da katuna, masu haƙa suka fitar da nasu kasuwar gwanjo. Shi ya sa yau in wani matashi ya zo neman shawara kan kati na hannu, nakan ce masa kada ƙyallin fuska ya ruɗe shi. Ya ɗora masa aiki mai nauyi na rabin sa'a, ya dubi zafin mimori, domin haƙar nan mimori ta fi wahalarwa, dare da rana.

Abin da ya zauna mini a rai ya wuce kwamfuta. Ma'auni bai yi mini ƙarya ba, abin da na tambaye shi ya faɗa. Laifin yana wurin wanda ya ɗauki amsar tambaya ɗaya ya mai da ita labarin komai. Haka maigida zai ga tukunya tana hawa wuta kullum ya ce gida lafiya, bai tambayi wadda ke tsaye a bakin murhu ba. Haka mai sana'a zai ƙirga ribar wata, bai dubi yaran da suka kwana a tsaye ba. Wanda ke baya, wanda ba a jin kukansa, sau da yawa shi ke ɗauke da zafin.

Yaron nan yanzu yana da nasa shagon. Ya ce mini duk kwamfutar da aka kawo masa, kafin ya dubi allo, sai ya fara kai bayan hannunsa kusa da bayan kati. Ni ma haka nake yi, kuma daga wurinsa na koya.