Idon Kare da Maganin Mutum

Duk wanda ya taɓa kwana a Gonin Gora, bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya san amfanin kare, domin shi ne mai gadin da ba ya karɓar albashi. Amma ran da idonsa ya yi ja, kwantsa ta rufe shi, sai maigida ya aiki yaro kemis a sayo abin ɗigawa. In ya ƙi, a sayo wani. A ganinmu wannan ɗabi'a ɓarna ce, kuma ba kan kare za ta tsaya ba.

Ciwon ido iri-iri ne. Akwai wanda wata ƙwayar yis mai suna Malassezia ke haddasawa a fatar gefen ido, watau dangin ƙwayar da ke kawo wa mutum ƙyasbi. Maganin bakteriya ba ya taɓa ta, mai sitiroyid kuwa yakan ƙara mata ƙarfi. Ko an dace da maganinta, irin su ketokonazol, in aka daina tun ba a gama ba, raunanan ƙwayoyin ne ke mutuwa, masu taurin kai su saura su hayayyafa. Masana sun riga sun samu irin waɗannan masu bijirewa a jikin karnuka.

Abin tsoron shi ne magungunan fangas 'yan kaɗan ne, kuma dangi ɗaya ake ba mutum da dabba. A 2009 aka gano Candida auris a kunnen wani majiyyaci a Japan, yis ɗin da ke gagarar magunguna a asibitocin ƙasashe da dama. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa fangas 19 masu haɗari. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Alhali kuwa ba mu rasa masana ba. Ga cibiyar binciken dabbobi ta Vom tun 1924, ga asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Kwantsa kaɗan a ƙarƙashin madubin likita ta isa ta nuna ko yis ne.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, in mun koma gida hutu mu hana aiken yaro kemis, mu nuna ƙofar likitan dabbobi. Ku kuma sababbin ma'aikata, ranar da aka ɗora ku kan sa ido ga shagunan magani, kada ku yarda a sayar da waɗannan magunguna sai da takardar likita.