RA'AYINMU: MU SAN SUNAN MAI GININ TULUN

Duk wanda ya juya bayan takardar Naira 20 zai ga hoton wata mata tana ginin tukunya. Ladi Kwali ke nan, 'yar garin Kwali a ƙasar Gbagyi, wadda ta koyi aikin yumɓu a gida tun tana yarinya. Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a fadarsa, a can ne kuwa wani Bature, Michael Cardew, ya gan su. A 1954 ta zama mace ta farko da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, garin da ake kira Suleja yanzu. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa, ta rasu a 1984.

Gwanintar Ladi tata ce, amma sai da wasu suka tsaya suka duba aikinta da idon daraja kafin duniya ta san ta. To, 'yan'uwa, Ladi nawa ke zaune a layin mata cikin majami'unmu kowace Lahadi, ba wanda ya taɓa tambayarsu abin da hannuwansu suka iya? Akwai masu ginin tulu da randa, da masu zanen ƙwarya, da masu saƙar faifai da tabarma. Mun san muryoyinsu a waƙa, amma ranar kasuwa mu ne muke taya kayansu da kuɗin da bai kai na itacen gashin tukunyar ba.

Akwai ikkilisiyar da ta nuna wata hanya dabam. A Afirka ta Kudu, a tsakiyar mulkin wariyar launin fata, Ikkilisiyar Lutheran ta kafa cibiyar aikin hannu a 1962, wadda ta koma Rorke's Drift a ƙasar Zulu a 1963. Wasu ma'aurata 'yan ƙasar Suwidin, Peder da Ulla Gowenius, su ne suka soma aikin a wani asibitin mishan, inda suke koya wa marasa lafiya sana'a. Wata budurwa da ke yi musu tafinta, Allina Khumalo, wadda daga baya aka sani da Allina Ndebele, ta kama saƙa tare da Ulla. An tura ta Suwidin ta ƙaro ilimi, ta dawo ta zama shugabar masu saƙa, tana koya wa matan karkara. Daga bisani ta koma gida ta buɗe masaƙar kanta, tana saƙa dardumar bango mai ɗauke da tatsuniyoyin Zulu da labaran Littafi Mai Tsarki. Ikkilisiya ta ba da wuri, da kayan aiki, da hanyar kasuwa, matan kuma suka sami abin hannunsu a zamanin da doka ta toshe wa baƙar fata ƙofofi da yawa.

Abin lura a nan shi ne, tafinta ta zama malama, malama ta zama mai masaƙar kanta. Haka abuta ta Kirista take: tana ɗaga mutum har ya tsaya da ƙafafunsa. Mai tausayi kawai yakan miƙa kwabo ya wuce, aboki kuwa yakan zauna ya tambayi suna.

Maganar Allah ba ta raina aikin hannun mata ba. Littafin Fitowa sura 35 ya nuna mana mata gwanaye da suka yi kaɗi domin alfarwa ta sujada. A Ayyukan Manzanni sura 9, da Dokas ta mutu a Yafa, tufafin da ta ɗinka ne gwauraye suka nuna wa Bitrus suna kuka.

Yau robobi da tukwanen dalma sun cika kasuwa, 'yan mata kuma suna ganin aikin yumɓu ƙauyanci ne. Duk tsohuwar da muka binne ba ta bar almajira ba, da gwanintarta muka binne ta.

Don haka muna kira ga fastoci da dattawan ikkilisiya da shugabannin Zumuntar Mata. Na farko, kowace ikkilisiya ta rubuta sunayen gwanayen matan da ke cikinta da ƙauyukan da ke kewaye, masu bi da waɗanda ba masu bi ba. Na biyu, ikkilisiyoyin birni su ƙulla zumunci da na karkara, su ware rumfa a lokacin manyan tarurruka inda matan za su sayar da kayansu da kansu, ba dillali a tsakani. Na uku, mu biya farashin da mai kaya ta sa, a kuma rubuta sunanta a jikin aikinta. Na huɗu, a ba tsofaffi fili su koya wa 'yan mata lokacin hutun makaranta.

Wani zai ce baitulmalin ikkilisiya ba kuɗi. Ziyara ba ta bukatar baiko na musamman, Hausawa kuwa sun ce zumunta a ƙafa take. Mu fara da zuwa gidan gwauruwar nan da ke biyan kuɗin makarantar jikokinta da tulu. Ubangiji ya buɗe idanunmu mu ga baiwar da ya ajiye a tsakaninmu. Amin.